Ta Hagu Kakana Ya Zana

...Asabar, sha huɗu ga Maris, 2015, ƙarfe goma da kwata. Da wannan zan buɗe wasiƙar ƙorafina. Ranar da wani gidan tarihi a nan Bogor ya rataye zanen kakana, Mbah Wiryosentono, da 'yar takarda a ƙarƙashi: "Aikin wani ɗan ƙasa. Yana da hannu, amma ya naɗe yaɗon ta dama, alhali doyar gadung ta hagu take hawa."

Yana da hannu! Kamar mai yi wa faranti ado...

Shekara talatin da ɗaya yana zana wa Turawan Holan tsirrai. Sai ya tsaga fure da reza, ya ƙirga zaren cikinsa ɗaya bayan ɗaya, kafin ya taɓa fensir. Shi ne bai san ta inda doyar daji take hawa ba? Mutumin da ya haƙa ta ya ci a shekarar yunwa?

Ga ainihin zanen a gabana, jiya na ciro shi daga akwati. Hagu. Ta hagu ya zana. Wanda aka buga, wato wanda suka rataye, shi ne ya koma dama — can Holan wani ya kwafe shi a kan dutsen bugu yadda ya gan shi, bai duba ta madubi ba, dutse kuwa juya abu yake yi. Kuma ba ni na gano ba. Warsih ce, matata, da ko firamare ba ta gama ba, shekara arba'in tana danna hatimi a kan yadin batik. Ta leƙo, ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta kira ni Malam da yarenmu: "Pak Guru, duk takardun makarantar da ka buga wa hatimi, ba ka taɓa juya shi ka ga a baibai aka sassaƙa shi ba?"

Zan rubuta ganganci... a'a, sakaci. Kalma dole ta zama daidai. Sa hannun Dakta Tuti Rohaeti ne a 'yar takardar ƙarƙashin zanen. Tuti, ɗalibata — layi na biyu, jikin taga, 1981. Ni ne a gaban allo, na ɗaga wannan bugun, jan biro a hannuna, ina zagaye yaɗon. Me na ce? "Ga bambancin mai zane da masani." Suka yi dariya. Na ji daɗin dariyar. Ban ce musu kakana ba ne. Aji bayan aji, shekara bayan shekara... akwatin yana ƙarƙashin gadona, ban buɗe ba. Don me zan buɗe? Abin da aka buga a Turai ai ba ya kuskure.

Ranar buɗe baje kolin Tuti ta hango ni, ta taho da sauri, ta kai hannuna goshinta don girmamawa a gaban mutane, tana gaya musu a ajina ta fara sanin wannan kuskure, kuma ba ta taɓa mantawa ba. Na yi murmushi. Har kai na gyaɗa...

To. Na ɗaya, a cire takardar nan. Na biyu, a rubuta sunansa cikakke, ba "wani ɗan ƙasa" ba. Na uku, a nemi gafararsa a bainar jama'a, a jarida, shafin farko, da sunan wanda ya fara faɗin wannan ƙarya —

wanda ya fara...

Ba zan goge ba, daidai ne. A ƙasa na rubuta: Ni, Suhardiman, tsohon malamin kimiyya. Wurin sa hannu ɗaya ne kawai, kuma ban san a matsayin wa zan sa ba — jika mai ƙorafi, ko mai neman gafara.