Gashin Mai Jego

Tun da Lucia ta haihu gashinta ke zubewa, kullum sai ya cika matsefi. Surukarta ta rantse Ifeyinwa mai kitso, wadda ta dawo kwatas ɗin reluwe bayan yaƙin basasa, ita ta kai gashin wurin boka. Surukar ta yi ɗamara, da ludayin miya a hannu, za ta je ta ci mata mutunci.

Lucia ta tare ƙofa.

"Mama, a asibitin mishan sun ce jini ne ba ni da shi, shi ya sa gashina ke zubewa! Kin hana ni ƙwai wai yaro zai yi sata, nama kuma sai kwanon ɗanki. Ifeyinwa ce ke raba miya a gidan nan?"

Tsohuwar ta dubi ludayin da ke hannunta.