Gwajin Kan Ashitey

Ashitey ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar ɗakin likita, idanu a rufe, hannaye a ƙugu. Ɗan damben da unguwar Bukom kaf ke tsoron naushin hagunsa, ga shi yana tangaɗi kamar kwalekwalen da igiyar ruwa ta samu. Kafin a ƙirga biyar ya dire ƙafar.

Kwana uku ke nan da abokin atisayensa ya shimfiɗe shi da naushi a muƙamuƙi. Ranar Asabar zai hau dandali neman kambin ƙasa, in har Likita Ankrah ya buga hatimi. Yayarsa Naa Lamiley ta bar kaskon suyar kifinta ta biyo shi, tana addu'ar kada a buga. Kocinsa, Ataa Okine, yana jingine da ƙofa yana sakace.

"Kalmomi biyar da na gaya maka ɗazu, maimaita," in ji likita.

"Taga... gishiri..." Sai shiru.

Aka ce ya lissafo watanni da baya daga Disamba. Ya kai Oktoba, ya maƙale.

Lamiley ta ɗan samu natsuwa: yanzu kam ba za a buga hatimin ba. Ai ko makaho ya san wannan kan ya taɓu.

Likita ya zaro wata takarda. Ƙa'ida ce a gwada kowane ɗan dambe yana lafiya, a ajiye sakamakon; in ya sha bugu a ka, a sake gwadawa, a kwatanta. Ya jera biyun, ya daɗe yana dubawa.

"Kalma biyu a watan Yuni, kalma biyu yau. Bai ragu ba."

Okine ya kece da dariya. "Ban faɗa ba? Kan nan dutse ne, dama can bai taɓa ɗaukar karatu ba."

"Yuni?" Lamiley ta miƙe. "Likita, a Yuni ai daga zazzaɓin nan mai kashe jin ƙanshi ya tashi! Wata biyu ba ya jin ƙanshin yaji, yana ɓata hanyar gidanmu. Sai Agusta ya dawo mutum. Makon jiya ma shi ya karanta wa Mama takardar maganinta da ka!" Ta juya ga kocin, tsoro ya kama ta. "Ataa, da gangan ka kawo shi gwajin farko a lokacin, don ko ya sha bugu kada a ga bambanci?"

"Ke dai ki ji da kifinki, 'yata. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi."

Likita ya cire tabarau, ya murza ido. "Ragowar zazzaɓin nan da bugun kai, kamanninsu ɗaya: jiri, mantuwa, nauyin kai. Gwajin ba ya bambance su. Na ji ki, baiwar Allah, amma ni ba ni da wani Ashitey a rubuce sai wannan."

"Garau nake, likita," in ji Ashitey. "Shekara tara nake jiran Asabar ɗin nan."

Hatimi ya sauka. Kai, wannan ƙara ba ta da daɗin ji.

A waje rana ta take. Okine ya yi gaba yana waya, yana shelar cewa wasa na nan. Ashitey ya tsaya a kan matakala, takardar a hannunsa, yana ƙifta ido. Ya dafa kafaɗar yayarsa.

"Yaya," ya ce a hankali, "wai yaushe za a kira mu wajen likitan?"