Randuna Shida na Yaya Furera

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah Kamaruddeen ya zo daga Ungogo a adaidaitarsa, ya zauna a bakin rumfar uwarsa, Yaya Furera, ya ce kafin ruwa ya sauka zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Ina wurin ina ɓarar gyaɗa. Ni ƙanwar mahaifinsa ce, marigayi Sabo, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, don haka ba a ɓoye mini magana, ko da yake ba a cika tambayata ba.

Ya kawo dalilansa a tsanake. Bayanta ya fara ciwo, roba ta kashe kasuwar tukwane, ga ɗaki ya samu a gidan da yake haya. Wanda bai faɗa ba kuwa duk mun san shi. Matarsa Asiya 'yar gidan malamai ce, kuma a wurin sunan ɗansu wani kawunta ya nuna shi ga baƙi ya ce ga ɗan mai tukwanen nan.

Yaya Furera ba ta ɗago ba, tana ta murza yumɓu a tafin hannu. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai keke.

"Mai keke, gidan naku akwai inda za a yi matoya a toya tukwane?"

"Inna, tsakar gidan siminti ne. Ko murhu sai an roƙi mai gida."

Ta ce to, ta ji. Shekara arba'in da wani abu tana ginin tukwane a wannan rumfa, tun tana amarya, a ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa. Kowa ya san randarta a kasuwa ko ba a faɗa ba, saboda siririn wuyanta da zanen totuwar masara da take zagaye kafaɗar da shi.

A cikin makon ne Malama Tahira ta zo. Malamar zane da gine-ginen yumɓu ce a wata kwaleji a Kano, wani ne ya yi mata kwatancen gidan. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma, ta sha ruwan da aka ba ta har ƙasa. Yaya ta sa aka jero mata kayan kasuwa, jajaye sumul. Malama ta duba su, ta yaba, amma idonta yana can gindin bishiyar darbejiya inda randar shan gidan take. Wannan randa tana da baƙin tabo tun daga ciki har wuya, inda wuta ta lashe ta a matoya. Irin su ba a kai su kasuwa, gida ake bar wa. Malama ta tashi ta durƙusa gabanta tana shafa tabon, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyan wannan ba.

Yaya ta yi dariya ta rufe baki da mayafi, ta ce Allah ya yi wa Malama albarka, ta gode da kara.

Sannan Malama ta faɗi abin da ya kawo ta. Wata cibiya mai tallafa wa sana'ar hannu za ta yi baje koli a birni nan da wata ɗaya. Manyan cibiyar za su zaɓi mutum uku daga ƙauyuka, a riƙa turo musu ɗalibai har gida suna koyo, ana ba su alawus duk wata. Tana so Yaya ta gina randa shida a kai. Ta bar takarda mai ɗauke da rana da wuri, aka miƙo mini, don ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci bayan na aurar da 'yata ta ƙarshe.

Da ta fita na bi ta da ledar gyaɗa da Yaya ta ce a ba ta. Na tarar tana waya a zaure, ta ba ni baya, sai na dakata a bayan shingen kara. Rabin maganar Turanci ne, ya wuce ni. Amma na ji ta ce da Hausa, baƙin nan shi ne abin, sai ka gani da idonka. Na jira ta gama, na yi gyaran murya na shiga.

Da Kamaruddeen ya ji labarin sai ya ce idan har ɗalibai za su riƙa zuwa, to, ta zama malama ke nan, ba shi da ta cewa, ta zauna. In kuma ba a ɗauke ta ba, sai ta haƙura ta biyo shi. Yaya ta ce ta yarda, ni ce shaida.

Ban taɓa ganin ta yi aiki irin na waɗannan makonni ba. Da kanta ta je rami ta zaɓo yumɓu, ta ƙi wanda masu jaki suke kawowa. Ta daka, ta tankaɗe, ta jiƙa kwana uku. Randa ɗaya takan ci mata yini biyu, tana zagaya ta a sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, in bayan ya riƙe sai ta dafa ginshiƙin rumfa ta tsaya har ya saki. Ta shafa musu jar ƙasa, ta goge da 'ya'yan kuka da ta shirya a zare, har mutum yana ganin inuwarsa a jiki. Nakan kawo mata fura in zauna. Takan tsokane ni ta ce, Malama Luba, in kin gaji da kallo ki rubuta mini laya ta ciwon baya, tunda boko ya zauna. In ce mata wadda ta ƙwace mini yayana ba ta da laya a wurina.

Ranar toyi aka jera su a matoya a bayan gida, aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, aka kunna da la'asar. Iska ta juya daga gabas wutar tana tsaka da ci. Da safe da aka yaye tokar, babu wadda ta fashe, ta ƙwanƙwasa kowace da yatsa tana amsawa kamar ƙarfe. Sai dai huɗu daga cikin shidan sun fito da baƙin tabo, wata a ciki, wata ya nannaɗe ta kamar an yafa mata gyale.

Yaya ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallonsu. Saura kwana biyar, babu lokacin sake wasu.

Washegari Kamaruddeen ya zo, aka zauna shawara. Ya ce ba za a kai wa manyan mutane kaya da ƙauri ba, a ce mutanen ƙauye ko toyi ba su iya ba. Ya ce yanzu duk tulun da ake sa wa amare a kasuwar Dawanau fenti ake musu, kuma su ake fara saye. Yaya ta ce ita ma abin da ke ranta ke nan, matar nan ta mutunta su, ba za ta kunyata ta a gaban iyayen gidanta ba.

Na ce ni dai na ga kamar da gaske Malama take son baƙin nan.

"Kayya, Luba," in ji Yaya. "Karatun naki bai koya miki mutane ba. Baƙo ya shigo ya ga akuyarki gurguwa, me zai ce? Ai cewa zai yi kai, wannan akuya da ƙiba take."

Kamaruddeen ya yi dariya ya ce Gwaggo ta fara zama Baturiya. Maganar wayar tana bakina. Amma in na faɗa, na ce na tsaya a bayan kara ina jin maganar baƙuwa ke nan, da furfurata. Kuma rabinta ban gane ba. Na ce to, Allah ya sa haka ne ya fi alheri.

Ya sayo fenti gwangwani biyu, shuɗi da ruwan azurfa, mai tsada, ya ce ba zai yi wa Inna araha ba. Shi ya shafa shuɗin a duka shidan don su zama iri ɗaya. Fentin ya cike zanen totuwar, ya shafe shi. Ni aka ba ɗan buroshi, tunda hannuna ya saba da biro, na zana furanni da ruwan azurfa a kafaɗar kowace. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo, Mairo matar liman ta ce ko a gidan gwamna aka ajiye su sun zauna. Ranar Yaya har tuwo ta ƙara.

Muka tafi ana gobe buɗe taron, randunan a cikin buhunan ƙaiƙayi, biyu a keken tare da mu, huɗu a motar kaya. A bakin ƙofa mai gadi ya leƙa ya ce masu kawo kaya ta baya suke shiga. Kamaruddeen ya ce gayyatar su aka yi, na nuna takardar. Ya karanta, ya dube mu, ya ce duk da haka ta baya.

Babban ɗaki ne mai sanyi, an jera fararen tebura, kowane da fitila a kansa. Malama Tahira ta taho da sauri tana murna, ta durƙusa ta gaida Yaya, ta nuna mana teburin da aka ware. Akwai ɗan kati a kai. Na sunkuya na karanta a hankali: Furera Sabo, maginiya. Na gaya wa Yaya sunanta ne. Ta taɓa shi da ɗan yatsa ta janye.

Kamaruddeen ya kwance buhun farko ya ɗora randar a tebur. Malama ta tsaya. Ta sa hannu ta shafa furen da na zana, ta dubi sauran buhunan, ta tambaya ko duka haka suke.

"Duka," in ji Yaya. "Wuta ce ta ɓata su, muka ce ba ma kawo miki abin kunya ba."

"Inna, ai abin da wutar ta yi nake so."

Can Kamaruddeen ya ce zai samo kananzir a wanke. Yaya ce ta ba shi amsa, ba Malama ba. Ta ce yumɓu in ya sha abu ya sha ke nan.

Malama ta shiga wani ofis ta daɗe. Muka tsaya a gefe don kada mu tare hanya. A teburin da ke kusa wani saurayi mai tabarau yana gyara tukwanensa guda uku, kowace da baƙin tabo, fitila tana haska shi. Kamaruddeen ya tambaye shi ko shi ma iska ce ta juya masa. Yaron ya yi murmushi, cikin ladabi ya ce a'a, da gangan ake yi, shekara huɗu ya yi a jami'a kuma a kan wannan hayaƙin ya rubuta takardar kammalawa. Yaya ta matsa ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa kafin a hana ta. Ta ce masa ƙasan ya yi kauri, ya riƙa rage yumɓu a gindi. Ya ce ya gode, Hajiya, ya ɗan janye tukunyar daga bakin tebur.

Da Malama ta fito idonta ya yi ja. Ta ce ta roƙa, masu shirya taron sun ce irin wannan ta kasuwa ce, ba abin da suka zo nema ba ne, kuma manyan gobe kawai za su zo su koma. Ko randar gindin darbejiyar ma da za a kawo, sun ce ɗaya ba ta isa a auna mutum ba, an riga an ba wata mata daga wani gari gurbin. Ta ce laifinta ne da ba ta yi bayani sosai ba, ta ɗauka an gane. Ta ce wataƙila baɗi, in cibiyar ta sake samun tallafi. Yaya ta yi ta ba ta haƙuri, kamar ita aka yi wa.

Aka ba mu shinkafa a roba muka ci a inuwar katanga a waje. Kamaruddeen bai taɓa tasa ba. A hanya na gaya musu maganar wayar, duka, har da tsayuwata a bayan kara. Yaya ta ce ko na faɗa a lokacin ba za ta yarda ba. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa, ko ni ma kara ta yi mini.

Bayan mako biyu aka yi ruwan farko. Kamaruddeen ya zo ya durƙusa ya ce ya janye maganarsa, shi ya sayo fentin, ta zauna abinta. Yaya ta ce an yi magana gaban shaida. Ta ce kuma in ta zauna, duk ranar da bayan nan ya kayar da ita a bakin rami, cewa za a yi ɗanta ya bar ta, shi kuma ba zai ƙara shiga gidan surukansa da kai a sama ba. Da kanta ta ɗaure kayanta. Randunan shida ta rabar wa 'yan matan unguwa da za a aurar bayan kaka, suna ta godiya.

Na je dubo ta a Ungogo da damina ta yi nisa. Ɗakin yana da tsabta, da fanka, da tagar da ke kallon katangar maƙwabta. Asiya tana kyautata mata, ba ta barin ta ko wanke kofi. Na same ta zaune a kan darduma da jikanta a cinya, hannayenta sun yi laushi, faratan sun yi fari. Ta tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba sa shiri. Sai da na tashi tafiya, ina neman takalmina a bakin ƙofa, ta tambaya me aka yi da matoya.

Na ce Ja'afaru maƙwabcinmu ya roƙi wurin, ya shuka kuɓewa.

Ta gyaɗa kai. Ta ce toka tana yi wa kuɓewa kyau, zai samu. In ta nuna in ce ya aiko mata da kaɗan, ta nan garin ba ta da yauƙi.