Dariyar da Aka Wanke daga Faifai

"Mayar da allurar baya," in ji Baba Mai Sarewa daga kan gado. "Kin tsallake ta."

'Yarsa ta ɗaga allurar garmahon ta sake ɗorawa. Waƙar farko ta ƙare, faifai ya yi tsit, ta biyu ta soma. Mai ɗinki, maƙwabciyar da ta shigo duba shi da zare maƙale a riga, ta gane matsalar tun kafin a faɗa.

Katanga ɗaya ta raba shagonta da ɗakinsa. Shekara da shekaru faifan nan take ji, har ta haddace shi ba da son ranta ba; sau nawa ta ƙwanƙwasa bango da almakashi a rage mata ƙara! Da ƙuruciyarsa ya busa sarewa a ciki. Ranar ɗaukar sautin, matarsa ta raka shi, yana gama waƙar farko atishawa ta kubce masa, ita kuwa ta fashe da dariya, na'ura ta kama. Tun da ta rasu, abin da ya rage masa na muryarta ke nan.

"Baba, sabon bugu ne," 'yar ta ce a hankali. "Kamfanin ya wanke sautin. Ji fa, babu shuu, babu ƙaraf-ƙaraf."

"Sun wanke har da uwarki. Ina tsohon?"

Tsohon kuwa ya tsage ranar da ake matsar da kaya don shigo da gadon jinya. 'Yar ta zaga shaguna har ƙafa ta kumbura, ko'ina sabon ake miƙo mata cikin kwali mai ƙyalli. Baba ya juya fuska ga bango, ya daina karɓar ko shayi. Kullum dai sai ya sa an ɗora faifan, ko Allah zai sa. Tausayinsa ya hana mai ɗinki sakat.

Wata rana da hantsi tana kan keken ɗinki tana kalmasa bakin riga, ta jiyo sarewar ta bango. Da safiyar ranar likita ya fito daga ɗakin Baba yana girgiza kai. Ta ɗauke ƙafa daga keken, ta matsa, ta jingina kumatu da katanga. Ta san dariyar ciki da bai: tana somawa a maƙogwaro, ta sarƙe, ta ƙare da "wayyo cikina". Waƙar farko na yankewa, ta kwaikwayi dariyar. Ba ta taɓa yin dariya mai zafi irin wannan ba.

Waƙa ta biyu ta shiga. Ba a mayar da allura baya ba.

Can sai ga 'yar a ƙofar shago, ido jawur.

"Yaya, ya ji ta," ta ce. "Ya ce in bar shi ya ci gaba, yau ba a tsallake ta ba." Ta dubi mai ɗinki, ta dubi katangar, ta kama hannunta ta riƙe. "Ya cika."

Suka shiga tare. Fuskarsa na kallon bango, kunnensa dab da shi. Faifan ya kai ƙarshe tuntuni, yana ta juyawa, allurar na ƙas, ƙas, ƙas a layin ƙarshe. Suka zauna a bakin gadon, babu wadda ta tashi ta ɗaga ta.