Yatsun Magini

Magini da matarsa sun zo wata ƙasar waje ne don su ga haihuwar autarsu. Izinin zaman da aka buga musu a fasfo ya kusa ƙarewa, cikin kuwa ko saukowa bai yi ba. Surukinsu ya yi ta fama da waya har aka sa musu ranar zuwa ofishin shige da fice neman ƙari.

Auta ta ja wa uban kunne tun da wuri.

"Baba, za su ɗauki zanen yatsu, naka kuma siminti ya cinye. Don Allah ka huta, ka riƙa shafa mai ko fatar ta dawo."

Ya shafa. Ya yi ta zama a falo, hannuwa bisa gwiwa kamar mai jiran wanzami. Amma matakalar ƙofar gidan ta tsage, kuma mai tsohon ciki ke hawa da sauka a kanta. Ana gobe za a tafi ya tsinci ragowar siminti a bayan gida. Ya kwaɓa, ya cike tsagar, ya goge da yatsu yadda ya saba tun yana saurayi.

A ofis aka ba su lamba, suka zauna kan kujerun ƙarfe har ƙugu ya ƙage. Matar ce ta fara shiga. Ta ɗora yatsu bisa gilashin na'ura, fitila ta yi kore, aka wuce wurin.

Magini ya ɗora nasa. Ja. Ma'aikaciyar ta goge gilashin, ta danna masa hannu da kanta. Ja. Ta juya tafin ta duba, ta yi wa surukin magana da yaren ƙasar.

"Me ta ce?"

"Ta ce babu abin ɗauka, Baba. Sumul suke."

"Ka ce mata ga ni tsaye. Ga fuskata, ga fasfo, ga matata shaida."

"Ko ni da na san ka shekara da shekaru," in ji matarsa, "jiya da na ga ƙurar nan a hannun rigarka sai da gabana ya faɗi. An ce ka zauna, kai ba ka iya zama ba."

Surukin ya roƙa, ya sake roƙo. Ma'aikaciyar ba ta yi faɗa ba, ita ma da gani ta gaji. Ta ce a dawo in fata ta toho. Ranar da ta iya ba su kuwa ta faɗa bayan ƙarewar izininsa, kuma wanda ya zarce ko da kwana ɗaya ba ya sake samun shigowa.

Suka kama motar haya zuwa gida. Sai da suka kusa unguwa magini ya yi gyaran murya.

"Ke ki zauna da ita. Ni a nema mini jirgi."

"To, wa zai dafa maka a can?"

"In ta sauka," ya ce, "ku kara mini wayar in ji kukan."