Maiƙon Shekara Tara

Daren Alhamis matar mai walda ta fara jin ƙarar. Wani ɗan kuka ne siriri, ciyu-ciyu, kamar sabon takalmin roba a kan siminti, yana fitowa daga bayan gida. Ta taɓa mijinta, ya ce famfo ne, ya juya ya ci gaba da munshari.

Da safe ta bi kukan da tsintsiya a hannu, har ya kai ta gindin katanga, inda murhun gashin mijinta yake. Rabin duro ne da ya yanka da kansa, ya yi masa ƙafafu da murfi, ya ɗora ragar ƙarfe. Shekara tara yana gasa kaza a kai duk ƙarshen wata, ruwa bai taɓa ragar nan ba. Shi ya hana. A cewarsa daɗin nama a cikin tsohon maiƙo yake zaune.

Ta ɗaga murfin da bakin tsintsiya. Wari ya fara yi mata sallama. Maiƙo ya daskare a ƙasan duron hawa-hawa, baƙi a ƙasa, rawaya a sama, ya yi tsiron wani farin gashi. A tsakiya ɓera ya haƙa rami, ya shimfiɗa yagaggen soso da tsefaffen gashin kai. 'Ya'ya bakwai ta ƙirga, jajaye, ba gashi, ido a rufe, suna motsi kamar yatsun jariri. Kashin ɓera ya manne wa ragar kamar an barbaɗa baƙar shinkafa.

Sai da ta tofar da yawu sau uku kafin murya ta fito.

"Malam! Zo ka gaisa da baƙinka."

Ya zo yana ɗaure wando, ya leƙa, ya sosa gemu. "Ikon Allah. Kin ga su ma sun san wuri mai daɗi."

"Gobe fa Auta za ta zo. Cikinta wata takwas. A kan wannan ƙazantar za ka gasa mata?"

"Ita ta bugo ta ce kazata take marmari."

"To ba ni ragar in wanke da ruwan zafi da sabulu."

"Ki taɓa ta mu ɓata! Ni da nake narka ƙarfe za a koya wa aikin wuta? Ba abin da ke shiga wuta ya fito da rai."

Ya kwashe sheƙar da shebur, ya watsa a bola, ya goge hannu a wando. Da yake ya san halin matarsa, kafin ya tafi shago sai da ya sa wa murfin kwaɗo. Bayan fitarsa ta je bolar, ta toshe hanci, ta tona da kara. Shida ta gani.

Washegari da la'asar Auta ta iso tana tafiya da ƙyar, mijinta direban bas yana biye da ita da jaka. Yaro ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da surukansa. A gabansa kuwa uwar ba ta son ta kwance wa mijinta zani a kasuwa. Sai ta tura wa 'yarta shinkafa, kwano a cike.

"Ci ki ƙoshi, Auta."

"Umma, ciki nake ajiye wa kazar Baba."

Mai walda ya buɗe kwaɗo, ya zuba gawayi, ya hura. Ya jera yankan kaza, ya bar robar da ya kwaso su a gefe, jini-jinin ruwa kwance a ƙasanta, ƙudaje suna wanka. Da zafi ya kai ƙasa, maiƙon ya narke ya fara tafasa, hayaƙi mai kauri ya turnuƙe tsakar gida da ƙaurin gashi. Matar tana tsaye da bokitin ruwan wanke-wanke, idonta a kan duron. Can gefen gawayi wani ɗan abu ya taso saman maiƙon, ya juya, ƙafafu huɗu a sama. Ya kumbura. Ya fashe, fus, daidai ƙarƙashin cinyar kaza.

Mai walda ya gani. Ta ga ya gani. Ya ɗauki ƙarfen juya nama ya tura gawayi ya rufe wurin, yana 'yar waƙarsa. Sannan ya kwashe kazar ya mayar cikin robar nan mai jini, ya miƙa wa 'yarsa.

"Ungo cinyar, 'yar Baba. Ta fi jin wuta."

Auta ta miƙa hannu. Uwar ba ta san lokacin da ta ɗaga bokitin ba. Ruwan kumfa da guntun shinkafa ya sauka a kan robar, saura ta juye a murhun, toka ta tashi ta yi wa gemun mijinta fari.

"Umma! Lafiya?"

"Ɓera ne ya haihu a ciki! Bakwai na ƙirga, shida ubanki ya zubar, na bakwai shi ne yanzu ya fashe a ƙarƙashin cinyar nan. Ya gani ya rufe. Ki ci ki kashe min jika?"

Auta ta toshe baki ta ruga makewayi. Direba, wanda ya riga ya saci fiffike, ya tsaya da loma a kumatu, kunya ta hana shi tofarwa, ƙyama ta hana shi haɗiyewa. Mai walda ya ji kakarin aman 'yarsa, ya shiga karkaɗe toka daga gemunsa.

Sai ga kan maƙwabciyarsu ya bayyana a saman katanga, hayaniya ce ta ɗora ta kan kujera.

"Maƙwabta, ku yi haƙuri, na ji komai. Kazar da kuka aiko mana watan jiya, yara suka tauna har ƙashi, ita ma a nan aka gasa ta?"