Sunan da Baraka Ba Ta Faɗa

Duk yarinyar da ta yi makaranta a Jimeta a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai ta san Malama Baraka. In ba ta sha bulalarta a aji ba, to ta karanta littafinta. Huɗu ta rubuta, duk labaran 'yan mata masu tasowa. Da rana take rubutunta, bayan an tashi daga makaranta, a gindin dalbejiyar tsakar gida, tukunya na kan wuta. Ƙawarta Keturah, mai buga tafireta a wani ofis, ita ke buga mata, sannan a aika maɗaba'a a Zariya.

Mutane na cewa matar nan ta san zuciyar yara. Ni dai na ce ba su san komai ba. Yarinya ɗaya tak take yi wa magana a littattafan nan, kuma ita ce wadda ba ta iya kallo ido da ido.

'Yarta ce ta fari, Yagana. Ranar da aka yaye ta, Kellumi, yayar mijin Baraka, ta goya ta ta tafi da ita Yola, kamar yadda aka saba. Baraka ba ta yi kuka a gaban kowa ba, don uwar da ta nuna son ɗan fari ta zama abin zunɗe a unguwa. Tun daga nan ba ta taɓa kiran sunan ba. In dole ta yi, sai ta ce "yarinyar Kellumi". Ita kuma yarinyar ta tashi tana ce mata Adda, kamar wata babbar yayarta. Tsakanin Jimeta da Yola ba wata tafiya ba ce, mai keke ma yana zuwa ya dawo kafin azahar, amma sai Baraka ta yi wata uku ba ta sa ta a ido ba. Kewar na cinta ƙwarai, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Sai ta koma ga takarda. Da Yagana ta cika goma sha biyu, Baraka ta rubuta labarin yarinya mai tsoron tsallaka Binuwai a kwalekwale, don ta ji an ce tata ma haka take. Da ta kai sha huɗu, aka ce ta fara rashin kunya, sai ga labarin wata mai tsiwa da ta rasa ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Duk faɗan da uwa ke yi wa 'yarta yayin da take mata kitso, duk lallashin, a can ta zuba su.

Keturah ce kaɗai ta gano. Ita kuwa ba ta iya ɓoye magana ba.

"Baraka, yarinya naki ne fa, ke kika haife shi," in ji ta da Hausarta ta Jimeta. "Ki buɗe baki ki gaya masa mana. Wannan kunya naku zai kashe mutum."

"Ke dai buga abin da aka ba ki," in ji Baraka.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas, komai ya koma Maiduguri, har da karatun da Yagana ta samu na aikin jinya. Shekara uku za ta yi, kuma dangin ubanta na can, ana ta maganar ƙila a can za ta zauna. Da Baraka ta ji, sai da tuwon ranar ya ƙone. Abin da ke damunta ɗaya ne: yarinyar za ta tafi tana ɗaukar cewa Adda ba ta damu da ita ba.

Ranar tafiya da hantsi Kellumi ta kawo ta sallama, tare da wasu tsofaffi biyu na dangi. Aka shimfiɗa tabarma. Baraka ta kawo ruwa, ta gaida kowa, ta tsallake mutum ɗaya.

"An gama haɗa mata kaya?" ta tambayi Kellumi, idonta na kan buta.

"An gama. Mota kawai muke jira."

Sai Yagana ta buɗe jakarta ta ciro littafi na huɗu, bangonsa duk ya lanƙwashe don karatu. Ta durƙusa ta miƙa shi da hannu biyu.

"Adda, duk 'yan ajinmu kin rubuta musu sunansu a nasu. Ni ce kawai ba ki rubuta wa ba."

Tsofaffin suka yi dariya, suna jiran su ga yadda za ta kuɓuta. Ɗaya ta ce, "Kai, 'yan boko! Yau za a sa uwa ta kira 'yar fari."

Baraka ta karɓi littafin. Ta ɗauko alƙalami. Ta so ta rubuta "yarinyar Kellumi" ta huta. Ta ɗaga kai, karo na farko cikin shekaru ta dubi fuskar sosai, ta ga ashe har da ɗan tabo a haɓa wanda ba ta san ranar da aka ji ciwonsa ba. Ta sunkuya ta rubuta: "Ga Yagana, 'yata. Duka huɗun ke na rubuta wa."

Yagana ta karanta. Ta sake karantawa. Ba ta ɗago ba.

Kellumi ta iya ajami kamar ruwa, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ta leƙo ta ce, "Me ta rubuta miki haka mai tsawo?"

Baraka ta kau da kai. Yagana ta rufe littafin, ta tura shi can ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwanta.

"Cewa ta yi in yi karatu da kyau, Goggo."

"To, kin dai ji," in ji Kellumi. Suka miƙe.

Uwa ba ta raka 'yar fari, don haka Baraka ta zauna a inda take, tana naɗe tabarmar da ba ta buƙatar naɗewa. Tana jin takunsu har zaure. Can ta ji ɗaya ya tsaya, ya ɗan jima, kafin Kellumi ta ce, "Taho mana, mota za ta tashi."